Kokon Malam Idi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na ba Malam Idi koko ba. Ko na so mantawa, mutanen garinmu ba za su bari ba.

Lokacin ina aiki a kicin ɗin wani asibiti, can hanyar Gezawa. Ba girki nake yi ba, kada a ba ni girman da ba nawa ba. Ni ce mai kankare tukwane, mai tura keken abinci zuwa ɗakunan marasa lafiya. Amma ido kam, Allah ya ba ni. Yarinya ta jefa yankan nama a baki, na gani. Mai jinya ta bar kwano ba wanki, na gani, kuma sai ta ji daga bakina. (Har gobe ban ce wannan hali laifi ba ne. Yawansa ne ya kayar da ni.)

Ran nan na shiga ɗakin maza da bokitin koko da ƙosai, sai ga Malam Idi, maƙwabcin gonarmu, kwance, leɓe a bushe. Ciwon ƙaba ya daɗe yana cin sa, ko sunkuyawa da fartanya ba ya iyawa. Da na raba koko, kowa yana kurɓa, shi yana kallon sama. 'Yarsa Hansatu tana gefen gado, waya a hannu.

Na ce, "Ke, ina kofin babanki?"

"Inna, an ce kada ya ci komai yau."

"Wa ya ce?"

"Sista."

"Sistar ce ta haife ki? Tsoho yana kwance da yunwa, ke kina latse-latse!"

Da ƙarfi na faɗa, don duk ɗakin ya ji. Ta buɗe baki, na ce ta rufe mini shi. Na cika kofi, na tallafi kan tsohon.

Ya ce, "Anya kuwa, Innar Sani?"

"Sha, Malam. A wuyana."

Ya shanye, har ya ɗora da ƙosai. Na tura kekena na fita, ina jin kaina kamar wadda ta je Makka a ƙafa.

Da hantsi ina tsugune ina kankare ƙanzo aka ce ana nemana a ɗakin maza. Na tarar da likitan tiyata, wanda daga Kano yake zuwa, kuma in ya tafi sai an daɗe ba a gan shi ba. Ashe ranar za a yi wa Malam aiki. Ashe ba a sa mutum barcin tiyata da abinci a ciki, don amai na iya shaƙe shi. An ɗage aikin.

Likita bai ɗaga murya ba. "Mama, ke kika ba shi?"

Na ce ni ce, hannuwana duk baƙin tukunya. Sai Hansatu ta ce, a hankali, gaban kowa, "Na gaya miki, Inna. Kika ce ba Sista ce ta haife ni ba."

Wani a gadon ƙarshe ya yi dariya har sai da ya dafe ɗinkinsa. Ni da nake sa manyan mata su sunkuyar da kai, ranar na rasa inda zan ajiye idona.

Kafin likita ya sake zagayowa, damina ta faɗi. Malam Idi bai riƙe fartanya ba a shekarar. Duk sanda zan je gonarmu sai na ratsa tasa, in ga ciyawa ta fi geron tsayi. Ni kuwa aka raba ni da keke, aka bar ni da tukwane.

Abin da ke ci mini rai, duk daɗewata a wurin nan ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga dalilin hana mara lafiya abinci. Mai wanke-wanke ba a yi mata bayani, sai tsawa in ta ɓata. Amma kuma yarinyar ta gaya mini, girman kai ya toshe mini kunne. Da Malam ya zage ni ma da na samu sauƙi. "Ba komai, haka Allah ya so," shi ke nan abin da ya ce.

Yanzu in yarinya ta ce mini "an ce", sai in haɗiye wa'azina. Ashe tausayi ma sai an tambaya kafin a ɗura wa mutum.