Sanarwar da Inna Ta So Ji da Kunnenta

"Lafiya lau, sai dai ganinka da ya ƙara mini ciwo," Inna ta amsa wa Kawu Sale tun bai gama cire takalmi ba.

"To alhamdu lillahi, bakin dai yana nan. Ni da aka ce kin kwanta, har na fara taya mutanen unguwar Yalwawa murnar samun hutu."

Washegari ne za mu kai Inna Kano a yi mata aiki a ciki, kuma likita bai ɓoye mana ba, ya ce a shekarunta abin sai addu'a. Kwana uku mutane na shigowa dubiya da fuska kamar an riga an yi rasuwar. Ni kuwa haushinsu nake ji, don duk wanda ya fita sai in ga ta ƙara shigewa bargo. Kawu Sale kaɗai ta aika a kira mata. Taubashinta ne, ɗan ƙanwar mahaifinta, kuma tun ina yarinya ban taɓa jin sun gaya wa juna magana mai daɗi ba. Sana'arsa riƙe lasifika a taron manya. Duk wani biki ko ƙaddamarwa a Dutse shi ke gabatar da baƙi, yana jera wa mutum laƙabi har ya manta sunan da ubansa ya raɗa masa.

Inna ta ce ya zauna, aiki za ta ba shi. In ta Allah ta kasance, shi take so ya yi sanarwar, amma da yake ba ta yarda da bakinsa ba, ya faɗa mata yanzu ta ji. Na ce haba Inna, ta ɗaga mini hannu. Kawu Sale ya gyara babbar rigarsa ya yi gyaran murya.

"Ana sanar da rasuwar hamshaƙiyar 'yar kasuwa..."

"Da tukunyar daddawa biyu, ɗaya ma a tsage? Sauke wannan."

"Shahararriya, fitacciya..."

"A ina na shahara?"

"Daga nan har Taura wa bai san warin gidan nan ba? Ko mai adaidaita aka ce wa gidan Hamida, hanci yake bi."

"Warin da ka shekara arba'in kana shan miyarsa kyauta. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, ci gaba."

Ya zazzage buhunsa kaf. Jigo, ƙusa, gogarma, garkuwar mata, giwar da ba a tare mata hanya. Ɗaya bayan ɗaya tana mayar masa da kayansa. Da ya ce mai faɗa a ji, sai ta nuna ni, ta ce ga wadda ta haifa ma ba ta ji. Da ya ce uwar marayu, ta ce ya ajiye wa matar nan da ya kira haka bara, wadda ta raba shinkafa a gaban masu hoto, ana gama ɗauka aka mayar da buhunan mota.

"Masu hannu da shuni ba sa ba ni wahalar da kike ba ni," in ji shi. "Su ko mai girma kawai na ce, sai ki ga haƙori talatin da biyu."

"Su ai ba su ɗaure kayan tafiya ba. Ka ce mini mai girma, a can a tambaye ni ina girman, in ce Sale ne ya faɗa? Wa zai karɓi shaidarka?"

Ya katse dariyar da ya fara. Ya tambaye ta to me zai ce.

"Ka ce Hamida mai daddawa. Ka ce ta nemi gafarar duk wanda ta ɓata wa, ita kuma ba ta tafi da kowa a ranta ba." Ta juya fuska ga bango. "Har da wani maroƙi da ta shekara sittin tana zagi."

Sai a lokacin na gane dalilin kiran. Taubasai ba sa zama su ce ka yafe mini, bakinsu bai saba ba, shi ya sa ta biyo ta bayan gida. Tsoron da nake ta dannewa tun daga ofishin likita ya taso mini gaba ɗaya, na fahimci Inna ba ta sa ran dawowa.

Kawu Sale, mutumin da ke yin awa guda yana magana bai kurɓi ruwa ba, ya sunkuyar da kai. Ya cire hularsa ya daɗe yana kallon cikin hular.

"Na yafe, Hamida. Ke ma ki yafe mini," ya faɗa da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba. Ya share fuska da hannun riga. "Amma sanarwar ba zan yi ba. Ta yi gajarta, sai ta zubar mini da mutunci a garin nan. Ki je ki dawo ki tara abin faɗa."

Ya juyo ya tambaye ni ƙarfe nawa motar za ta tashi. Na ce bakwai, na kuma tuna masa gobe ne ɗaurin auren 'yar wani babban ɗan siyasa, ga sunansa nan a matsayin mai gabatarwa a katin gayyata gari duk ya gani.

"Manyan naka fa?" Inna ta tambaya ba tare da ta juyo ba.

"Su nemi wani maƙaryacin. Ni gobe ɗan dako ne, jakar mai daddawa zan riƙe."

Inna ta yi dariya har ta dafe inda ke mata ciwo, hawaye na bin kuncinta. Da ta samu numfashi, ta ce mini in ba shi jakar da ta fi nauyi.