Malam Kabon da Igiyoyinsa Huɗu

Shekarunsa hamsin da takwas, kuma shi ne shugaban sashen kimiyya na makarantar. Ɗalibai na kiransa Malam Kabon, yana kuma amsawa da fara'a. Ilimi kam Allah ya ba shi. Shi da bakinsa ya sha tabbatar wa mutane haka.

Duk duniya ba abin da yake ƙauna kamar iskar mitan, wadda ke tashi daga juji da tumbin shanu. Tsarinta ne ya sace masa zuciya: ƙwayar kabon ɗaya a tsakiya, ƙwayoyin haidirojin huɗu kewaye da ita, kowacce ta kawo ilektiron guda, kabon ya kawo nasa, su riƙe tare.

"Shugabanci ke nan," in ji shi. "Babba a tsakiya, ƙanana a gefe, komai a yi tarayya." Makullin kabad ɗin kayan gwaji kuwa bai taɓa barin aljihunsa ba.

Da mataimakin shugaban makaranta ya yi ritaya, aka turo wata sufeto ta kalli darasin duk mai neman kujerar. Malam Kabon, da yake yana neman kujerar, ya ce ƙwallayen roba da tsinkaye da aka saba nuna siffar mitan da su wasan yara ne. Shi da mutane zai gina mitan.

Ba a yi gardama kan wa zai zama kabon ba. Haidirojin kuwa aka tattaro malamin lissafi, na tarihi, na motsa jiki, da ƙanin matarsa mai koyar da zane. Kabon hannu huɗu yake buƙata, Malam kuwa biyu gare shi, sai ya ɗaura igiya huɗu a bel ɗinsa, ya miƙa wa kowa ɗaya. Da yake mitan ba a shimfiɗe take kamar tabarma ba, uku suka tsuguna a ƙasa, ƙanin matarsa ya hau tsani. Malamin lissafi ya yi ta matsar da su har kowace kusurwa ta kai digiri ɗari da tara da rabi.

"Yaya, tsanin nan yana rawa fa," in ji na sama.

"Haidirojin ba ya magana."

Sufeto ta zauna, ɗalibai suka zuba ido. Malam ya banƙaro ƙirji.

"Hajiya, yau za ki ga ƙarfin haɗi da idonki. Ku ja!"

Malamin motsa jiki mutum ne mai bin umarni. Ya ja tsakani da Allah. Sauran suka ja don kada su kife. Bel ya tsinke, wando ya sauka har idon sawu, aji ya kece da dariya, malamin tarihi yana birgima a ƙarƙashin benci.

Malam ya damƙo wandon da hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayan. "Haka haɗi ke tsinkewa idan iskar ta ƙone. Kin gani, Hajiya?"

"Na gani, Malam. Har da abin da ba a aiko ni gani ba."

Ƙanin matarsa aka ba kujerar. Sufeto ta ce shi kaɗai ya faɗi gaskiya a darasin, domin tsanin ya yi rawa.

Sabon mataimakin ya ba Malam shawara cikin ladabi, nan gaba ya gwada iskar itan, mai kabon biyu, ko nauyin zai rabu. Jiya Malam ya shiga ɗakin malamai, ya ƙare wa kowa kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce abin ba zai yiwu ba, makarantar ba ta da kabon na biyu. Ya ƙara ɗame sabon bel ɗinsa, ya fita.