Ranar da Na Kusa Dafa Wakilin Ango a Cikin 504

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa manta ranar ɗaurin auren ƙanena Bashiru ba, ranar da na kwashi dattawanmu zuwa Kebbe a motar marigayi Baba, na kusa dafa su da ransu.

Motar 504 ce, fara, ko in ce a da fara ce. Ni kuwa in aka taɓo zancen mota a majalisa, sai dai a yi haƙuri da ni (abokaina har laƙabi suka sa min, wai Malam Tarihi). Zan faro daga jif ɗin da manyan ma'aikata suka riƙa ratsa daji da ita, in gangaro kan 'yar kunkurun malaman makaranta mai inji a baya, sannan in gyara zama in ce duk wannan share fage ne, mota ba ta zama ta mutanenmu ba sai da 504 ta zo. Ita ta ɗauki amarya, ta ɗauki mai naƙuda, ta ɗauki buhun gero da akuya a but, ta faɗa ramin da motocin yanzu ko a mafarki ba za su faɗa su fito ba. Gaskiyar magana dai, ba tarihi ne ya dame ni ba. Baba nake kewa, kuma ban iya faɗa ba sai ta bakin mota.

Abin da na fi tunawa shi ne yadda yake sauka. In ya tsaya, sai ya zura hannu ta taga ya buɗe ƙofarsa ta waje, ya zagaya ya buɗe wa kowa tasa, har mu yara. Na taso ina ganin duk Tambuwal babu mai karamcin ubana. Ni ma haka na koyi buɗe ƙofar motar, don kwaikwayo.

Bayan rasuwarsa ta zauna ƙarƙashin rumfa, gilasai a sauke, kaji suka mayar da ita gidansu. Da bikin Bashiru ya matso, Inna ta ce a kira 'yan gwangwan su ɗauke ta, a samu wurin girke tukwane. Na ce sam, ai a cikinta ma za a kai wakilin ango, tunda Baba bai ga wannan rana ba, ko motarsa ta gani.

Inna ta ce, “To, na ji. In ta kai su Baffanka lafiya, ta zauna. Amma in tab ba mu kunya gaban surukai, ba ta ƙara kwana gidan ga.”

Na kawo makanike ya tada injin, aka sa batir da tayoyi na hannu, na wanke ta kamar ni ne angon. Cikinta kuwa kashin kaji kawai na share. A aljihun gaba na tarar da mariƙin ɗaga gilashi guda ɗaya tal, wanda ake cirewa a miƙa wa mai buƙata, kamar yadda aka saba a tsofaffin motocin haya.

Ranar Juma'a muka kama hanya ana tsakar bazara. Baffa Sani, ƙanin Baba, shi ne wakilin ango, yana gaba cikin shadda mai sitaci. Dattawa biyu na unguwa suna baya. Wallahi motar ta yi abin kai. Har wata sabuwar mota muka wuce ta kafe ciki a kan tudun hanya, na rage gudu na ɗaga musu hannu (Allah ya yafe min). Ƙamshin tsohuwar kujera da ƙarar injin suka sa sai da na goge ido a ɓoye.

Da ma a nan labarin ya ƙare. Amma muna shiga Kebbe na hango motocin abokan ango a gabanmu, kowacce gilashi a rufe, na ciki suna shan sanyi. Sai raina ya ce, motar Baba ba za ta shiga kamar ta 'yan kasuwar ƙauye ba. Na ciro mariƙin na ce kowa ya ɗaga nasa, kada ƙura ta ɓata riguna.

Baffa ya karɓa yana kallona. “Kai, an gyara komi da komi ga motar ga?”

“Komi, Baffa,” na ce, ban ko tambayi me yake nufi ba.

Mariƙin ya zaga ya dawo hannuna, na ɗaga nawa, na ƙara murɗawa don ya rufu ruf, sai ji na yi ƙas, ya rabu biyu. Na tura shi ƙarƙashin kujera na yi kamar ban ji ba.

Muka tsaya ƙofar gidan uban amarya, inda aka shimfiɗa tabarmi, jama'a maƙil. Na kai hannu taga yadda na saba, na bugi gilashi. Na ja mabuɗin ciki, ya biyo hannuna laƙwas. Baffa ya ja nasa, na baya suka ja nasu, babu ƙofar da ta motsa.

Mutanen Kebbe kuwa akwai ladabi. Suka ja baya suka tsaya jiran manyan baƙi su gama shan sanyi su fito. Maroƙi ya fara kirari. A ciki gumi ya ɓalle, numfashi ya fara wuya, ɗaya dattijon na baya ya soma salati. Baffa ya dunƙule hannu yana dukan gilashi, jama'a suka ɗauka jinjina ce, suka ɗaga nasu suna “Ranka shi daɗe!” Na danna hon, ya yi wani kuka irin na bunsuru, aka ɗauka murna ce, har da masu tafi.

Can sai uban amarya da kansa, Alhaji Mamman, tsohon aminin Baba, ya ratso taron yana leƙe. Ya kama ƙofar Baffa ta waje, ta buɗe cikin sauƙi.

“Wagga ba motar Garba ta ba?” ya ce da ƙarfi. “Ai tun shina da rai ba ta buɗuwa ta ciki! Don mi kunka rufe gilashi?”

Baffa ya fito sharkaf, sitacin ya mutu, shaddar ta manne masa a baya, hula a karkace. Wani daga cikin taron ya ce, “Sanyin motar ga ya yi yawa, har gumi shika sawa!” Aka kwashe da dariya har liman. Ni aka buɗe wa a ƙarshe, kuma da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Haka Baffa ya karɓi auren, yana fifita da hula, murya a shaƙe.

Kunyar taron daban, amma abin da ya fi sukata shi ne, ashe karamcin da na rayu ina alfahari da shi lalataccen mabuɗi ne. Alhaji Mamman ya ga fuskata, ya jawo ni gefe ya ce, “Sau nawa nic ce mai shi gyara, yac ce in bar shi, shi dai shina son buɗe ma iyalinai ƙofa.” Ban san ko gaskiya ya faɗa ko lallashina yake yi ba, ban kuma tambaya ba.

Kafin mu baro Kebbe labari ya riga mu gida ta waya. Baffa ya ce ko a kan jaki zai koma, ba dai a motata ba. Inna ba ta yi faɗa ba, 'yan gwangwan kawai ta aika aka kira, suka zo kashegari. Da aka jawo motar za a fita da ita, na ga Inna ita ma ta shige ɗaki ta saki labule.

Darasin da na ɗauka shi ne, in kewar mamaci ta taso maka, ka yi alwala ka roƙa masa gafara, ba ka zuba dattawa a cikin kewar ka rufe gilashi ba. Har yau Baffa in zai shiga mota tare da ni sai ya gwada ƙofa ta ciki tukuna. Ni kuwa in na dawo gida, wajen da motar Baba take tsayawa nake fara duba kafin in yi sallama.