Yadda Eshmurad Ya Zama Rumfa

Ƙawata Shahnoza, zuba shayi ki matso kusa. Allah ya sani ba na son cin naman mutane, amma labarin nan in na bar shi a ciki sai ya kumbura ni.

"Ni da ƙasa ba ma ɓoye wa juna komai. Ko muciya na dasa sai ta yi 'ya'ya." Da wannan Eshmurad ya gaishe mu ranar da ya tare a gidan benenmu na Margilan, ana tsakiyar sanyi, tun ba a gama sauke kaya ba. Daga kudu ya zo, ƙasar zafi, inda ya ce ya tsufa a ofishin aikin gona. Daga baya ne matarsa Maujuda ta raɗa mana cewa motar ofishin yake tuƙawa. Yara suka laƙaba masa Sarkin Noman Bene, shi kuwa ya ɗauka naɗi ne, har tafiyarsa ta sauya.

Ɗakunan da ya kama na Inna Tursunai ne, tsohuwar da ke hawan ƙasa. Ta gaya masa haya ce ta gwaji: in bikin Nauruz na shigowar bazara ya zo, ta ga zamansu, ko su ci gaba ko su tattara. Ga 'ya'ya huɗu, ga gari ba ɗaki. Mai hankali sai ya kama bakinsa ya yi ta gaisuwa. Shi kuwa gogan naki ya ƙudurta sai ya burge ta.

Da ƙanƙara ta narke, ya leƙo ta taga ya hango dogayen tuddan ƙasa a jere a tsakar gida, ƙarƙashin rumfunan ƙarfe da ba ganye ko ɗaya. Ke kin san abin da ke ciki: kowace kaka mukan kwanto kuringar inabi daga rumfa, mu kwantar da ita, mu rufe da ƙasa kada sanyi ya kashe ta, sai bazara a tono. A garinsu sanyi bai kai a yi haka ba. Shi abin da ya gani, kunyoyi ne da malalata suka yi suka kasa shukawa. Nan take ya hango kankana, kowacce kamar tulu, Inna tana ci tana sa masa albarka.

Maujuda ta ce ya tambayi mutanen gida tukuna.

"Likita ba ya tambayar majinyaci yadda ake allura," in ji shi.

Ya jira ranar da duk gidan muka tafi cin shinkafar biki a wata unguwa, wai don ya ba mu mamaki. Ya saɓa fartanya ya nufi tudun da ya fi kowanne girma, na ƙofar Inna. Sara ɗaya, ya ci karo da wani abu mai kaurin damtse. Ya girgiza kai, ya ce shi ya sa ba a shuka komai, ashe saiwa ta cinye wurin. Fartanya ta kasa, ya aro gatari. Kafin la'asar ya gama da tudun Inna, ya haɗa da rabin na maƙwabcinta Baba Sattar a matsayin kyauta. Da ya ga itace ya taru, ya ce asara haramun ce. Ya sayo naman rago, ya haɗa itacen da gawayi, ya kafa tsire.

Muka dawo muka tarar da hayaƙi da ƙamshi tun daga bakin titi. Ya tare mu a ƙofa, ya sa kowa ya zauna ta gefen da ba a ganin lambu, ya ce mamaki sai an ƙoshi. To, Allah ya yafe mana, mun ci. Baba Sattar ya lashe yatsu ya ce rabonsa da tsire irin wannan tun yana saurayi.

Inna Tursunai ta tauna a hankali. Ta ce, "Ɗana, wannan ƙamshin itacen inabi ne. Mai gidana, Allah ya ji ƙansa, da shi yake gasa mana nama in ya yi sassabe. Ina ka samo?"

"A ƙofarki, Inna. Wata banzar saiwa ce, na raba ki da ita."

Tsinken da ke hannun Baba Sattar ya faɗi. Muka tashi gaba ɗaya kamar masu rakiyar gawa. Inabin nan marigayi mijin Inna ne ya dasa shi shekarar aurensu, a inuwarsa take jan carbi kowace rana. Ba abin da ya saura sai kututture mai tsawon taƙi. Eshmurad ya fara bayani wai sabon salon aski ne na masana. Maujuda kuwa ta hau sama ta fara ɗaure kaya.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta shafa kututturen ta ce zai toho in Allah ya so, amma sai ya shekara uku kafin ya hau rumfa. Ba za ta kori yara ba. Sai dai wanda ya cinye mata inuwa, shi zai biya da inuwa.

Shi ya sa duk bazarar nan, daga azahar zuwa la'asar, za ki ga Inna a kan gadonta na katako tana jan carbi, Sarkin Noma tsaye a kanta da ƙatuwar laima, gumi har cikin takalmi. Yara suka sauke shi daga sarauta, suka naɗa shi Baba Rumfa. Amma hali zanen dutse. Rannan, da kaka ta fara shigowa, ya dubi jama'a ya ce duk Margilan ba inabin da ya taɓa yin inuwa kamar tasa.

Inna ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Gaskiya ne, ɗana. Shi ya sa na ce wa Sattar ya wasa fartanya. Mu a nan, duk abin da ke mana inuwa, in sanyi ya zo binne shi muke yi."

Kwana biyu bai sauko daga bene ba.

Don Allah, Shahnoza, ki bar shi tsakaninmu. Maujuda mutuniyar kirki ce, kuma ni ma na ci tsinke uku.