Rasuwar Doguwa, Fitilar Shagonmu

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, da wani haushi da na kasa haɗiyewa, nake sanar da rasuwar Doguwa, farar fitilar nan da ke manne a silin ɗin shagonmu na ɗinki.

Marigayiya ba ta da son kai. Kekuna uku ne a jere, ta miƙe a kansu, kowa ta ba shi rabonsa, har ni da nake can ƙurya inda babu taga. A ƙarƙashinta ban taɓa ɗaukar shuɗin zare na zaci baƙi ne ba. Da safe sai ta yi ƙyaf, ƙyaf, ta ce "zzzz", sannan ta kama. Ba ta son gaggawa. Ni ma haka.

Ta ɗan yi jinya, bakinta biyu suka yi baƙi. A irin wannan hali kujera ake takawa, a murza mata sitata, ɗan abin nan da ke tayar da ita, a hankali har ta farfaɗo. Kowa ya san haka. Sai ƙanin matar Oga mai shagon, wanda ake kira Injiniya don ya taɓa canza wa rediyo batir, ya ce lallashi ne ya sangarta ta. Ya ɗauko sandar mofa, wai zai tashe ta. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "fau!" Shi kuwa hularsa kawai ya kakkaɓe. Ni ba mai son faɗa ba ne, amma Allah ya isa.

Ta rasu ta bar sitata guda, da ƙwarin da ke kewaya ta, da idanuna. Magajinta wani ɗan ƙwan fitila ne mai rowa, Injiniya ya rataye shi daidai kan keken Oga. Jiya na ɗinke baƙar rigar wani malami da shuɗin zare. Oga ya ce in na ƙara ɓata yadin mutane, in nemi wani shagon.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a bayan shago, a rami mai zurfi, kada yara su taka kwalba. Zaman makoki a bakin ƙofa ne, inda na jawo kekena saboda hasken rana. Bencin Injiniya ne a wurin a da. Na kai masa shi ƙurya. Mai son yi masa gaisuwa sai ya lalubo shi.