Rasuwar Kabewa, Hular Kwanon da Ta Tare Mini Fiffike

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai mai ɗinki huɗu, ni Darlene Pruitt ta garin Hood River nake sanar da rasuwar hular kwanona, wadda 'yan bakin kogi suka fi sani da Kabewa saboda launinta. Ta rasu ranar Talata da la'asar a tsakiyar kogin Columbia, tana bakin aiki.

Marigayiyar ta shigo hannuna bara, lokacin da na rantse, ina da shekara sittin da uku, sai na koyi hawan allon wasan ruwa mai fiffike a ƙarƙashinsa, wanda ke ɗaga mutum sama da ruwa idan iska ta ja laimarsa. Shekara ashirin na yi a kan allon gama-gari, inda ƙafar baya ake dannawa. Shi ko wannan ja'irin ƙafar gaba yake so. Ka danna ta baya, ya yi tutsu ya watsar da kai, sannan ya biyo ka da kaifinsa. Kaina ya gane tun makon farko, ƙafata ce ta yi kunnen ƙashi. Kabewa ta sha uƙubar wannan taurin kai ba ta taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarta "ƙwal", in abin ya yi tsanani ta ce "ƙwaram".

Ranar ajalinta na tashi sama daƙiƙa goma sha ɗaya cur, ruwa ya yi tsit a ƙarƙashina. Don murna na ɗaga wa Wendell abokin hawana hannu, sai ƙafar baya ta yi halinta. Fiffiken ya nufo kaina gadan-gadan, Kabewa ta tare shi ta rabe biyu.

Ta rasu ta bar ni, da rigar ruwa mai faci uku, da laima guda, da allon da ya kashe ta, wanda tuni na yafe masa.

'Yata Renee ta ga ɗinkin, ta sure allon ta kulle a garejinta. Wai, "Mama, ya isa haka, ki nemi tumatir ki shuka." Tumatir! Na san tsoro ne, ni ma na tsorata, har kuka na yi a mota. Amma marigayiyar ba ta ba da ranta don in koma ban-ruwan tumatir ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe ɗaya a kan yashin bakin kogi, Wendell zai kawo kofi. Duk mai niyyar ce mini "a shekarunki" ya riƙe ta'aziyyarsa, na gode. Ƙarfe biyu iska za ta taso, sabuwar hula na kaina, zan shiga ruwa.

Renee, ki taho da allona. In kika zo hannu rabbana, Wendell ya ce zai ara mini nasa, nasa kuwa ya ninka nawa gudu.