Laifin da Na Ɗora wa Malam

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na lulluɓe kwamfutar maigidana da mayafi, kamar mai rufe kwanon tuwo kar ƙuda ya sauka. Ina cikin takaba a lokacin, a gidanmu na Makera, Malam bai cika kwana arba'in da rasuwa ba.

Kwamfutar ta tebur ce, tana kusurwar falo. A kanta yake buga takardun kwamitin masallacin unguwa. Ni karatuna a sakandare ya tsaya, abin da na iya bai wuce kunnawa da kashewa da ɗan latse-latse ba. Bayan rasuwarsa na riƙa kunna ta da hantsi in yara sun tafi makaranta, ina kallon hotunansa. Shi ke nan.

Sai wani abu ya fara. In na buɗe intanet, ko me na rubuta, shafin caca ne zai fito. In na rufe shi wani ya taso, na mata waɗanda kayan jikinsu gaba ɗaya bai kai ɗankwalina ba. Wata rana karatun Alƙur'ani na nema (wallahi shi na nema), aka kai ni wajen wata da ke cewa tana kusa da ni, kaɗaici ya dame ta.

Na taɓa ji a gidan biki ana cewa intanet abin da mutum ya saba kallo take kawo masa. Da wannan ɗan ilimin na gidan biki na zauna ni kaɗai na yanke hukunci. Shekara goma sha shida muna tare, mutumin da ko rawa aka nuno a talabijin sai ya canja tasha. Ban faɗa wa kowa ba. Na dai ƙara layi ɗaya a addu'ata: Allah ya gafarta masa abin da na sani da wanda na gano daga baya.

Sai ƙanin Malam ya aiko cewa ranar Asabar zai zo ya ɗauki kwamfutar, a kai wa liman a fitar da takardun kwamiti. Na hango ta a buɗe a gaban dattawan masallaci, waccan mai kaɗaicin tana gaishe su. Abin da ya rage wa Malam a duniya sunansa ne, kuma a hannuna yake.

Na kira Rifkatu, maƙwabciyarmu da ke da shagon buga takardu a unguwar Television. Tun ranar rasuwar take kawo min gwate ba tare da ta tambaye ni ko ina ci ba, shi ya sa na yarda da ita. Na zaɓi lokacin da Yaya Ladi, yayar Malam da ta zo daga Zariya taya ni zama, take tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Maman Amira, me ya same ta?" in ji Rifkatu.

"Ki goge komai kawai. Kar ki tambaye ni."

"Haba, likita ma yana tambaya."

Ta kunna, ta buɗe intanet. Shafin ya faɗo, wannan karon har da kiɗa da muryar wata tana dariya. Na ji takun Yaya Ladi a bakin ƙofa. Ban san lokacin da na fizge mayafina na jefa kan allon ba. (Ban yi tunanin sifika ba. Sifika ba ruwanta da mayafi.)

Yaya ta tsaya da farantin shinkafa a hannu, ta dube ni, ta dubi kwamfutar da ke ta kiɗa a cikin lulluɓi.

"Ita ma takabar take yi?"

Da na yi shiru, da magana ta mutu a nan. Amma na riga na shirya jawabi a raina tun makonni uku, sai ya fito da kansa.

"Yaya, don Allah mu rufa masa asiri. Namiji ne, kowa da rauninsa. Ni dai na yafe masa."

"Wa?" Ta ajiye farantin. "Ƙanin nawa?"

Ta zauna a hannun kujera, fuskarta ta canja. Ita ta goya shi yana ƙarami. Har yau wannan kallon nake gani.

Rifkatu ta ɗauke mayafin, ta ninke shi ta miƙo min, ta rage sauti. "Ku bari in duba kafin a yi wa mutum shari'a," ta ce.

Ta rubuta adireshi ɗaya a wayarta da kuma a kwamfutar. Wayar ta je inda aka aike ta, kwamfutar ta tafi gidan caca. Sai ta shiga wurin saitin intanet, ta nuna mana wasu lambobi masu ɗigo-ɗigo.

"Kun ga waɗannan? Su ke nuna wa kwamfuta hanya. Bairos ne ya shigo ya canja su. Kamar ki hau keke ki ce Makera, ashe an sauya miki direba, duk inda kika ce, unguwar Romi zai kai ki. Ko liman ne ya zauna a kujerar nan, abin da zai gani ke nan."

Na ji sanyi a raina, amma na ɗan lokaci ne. Yaya ta ce, "To wa ya buɗe wa ɓarawon ƙofa?"

Rifkatu ta buɗe jerin manhajojin da ke cikin kwamfutar, kowace da ranar da aka sa ta. Ta sa yatsa a kan ta ƙarshe, mai hoton fure.

"Ga shi nan. Ta gyaran hoto ce, wai kyauta. Maman Amira, yaushe ne rasuwar?"

Na faɗa mata. Ta ƙirga a yatsu, ta ƙi kallona.

Kwana goma sha ɗaya bayan an binne shi. Na gane furen nan. Akwai wani hotonmu na ranar sunan Amira da fuskarsa ba ta fito sosai ba, na ga talla an ce za a fito da ita fes. Na danna "eh" sau huɗu ko biyar, ban karanta ko ɗaya ba.

"Ikon Allah," in ji Yaya Ladi. "Ashe har kabari ana kai musu wayfai. Wato ke kika yi ɓarnar, kuma ke kika yafe masa?"

Rifkatu ta cije leɓe, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, sai na mayar da mayafin kaina, inda ya kamata ya zauna tun farko.

Rifkatu ta cire manhajar, ta mayar da lambobin yadda suke, ta sa wata manhajar ta bincike kwamfutar kusan awa guda. Har 'yar na'urar wayfai ta duba, ta canja mata lambar sirri, ta ce wani lokacin can suke ɓuya. Ranar Asabar aka kai wa liman, ba a ga komai ba sai takardun kwamiti, kowace a inda Malam ya ajiye ta.

Da la'asar ɗin ranar da Rifkatu ta zo na ba Yaya haƙuri. Na ce makonni uku ina nema masa gafarar abin da bai yi ba. Ta ce addu'a ba ta ɓata, in ci gaba, amma in riƙa sa sunana a gaba.

Yanzu ko kyautar mota aka ce na ci, ba na danna "eh" sai na karanta. Kuma kafin in yafe wa mutum, ina fara duba kwanan wata. Hoton nan na ranar suna yana nan yadda yake, fuskarsa dishi-dishi. Na bar shi haka. Ai na san fuskar.